Gobarar Wake

A ƙasarmu ta arewacin Kano babu daji. Tun daga Minjibir har ka dangana da Ɗambatta da Makoɗa, gona ce jingine da gona, gida na hangen gida, sai 'yar iyakar gamba ko ta lalle da ke raba na wane da na wane. Ka yi atishawa a unguwarku, daga unguwar gaba za a ce maka yarhamukallahu. Wannan zama yana da daɗi ranar da jakinka ya ɓace. Amma ranar da aka yi wa maganarka gurguwar fahimta, kafin ka gyara ta ta riga ta zaga ƙauyuka, balle yanzu da kowace tsohuwa ke da waya a ƙullin zane.

Wata Lahadi cikin hunturu na kai buhun wake kasuwar Ɗambatta. Kananado ne, fari ƙal, mai manyan ƙwaya. 'Yan Dawanau suka taya, dillali ya yi ta jan ciniki yana rantse-rantse a madadina har azahar ta gota, sannan aka sallama. Tun kokon asuba ban sa komai a ciki ba. Ɗan acaɓan garinmu kuma ya ce ya samu fasinja ɗaya, in na daɗe sai dai in taka sayyadata.

Na faɗa layin masu abinci da sauri. Wajen mai waina an yi cincirindo. Mai gurasa sai ya tsaya ya jiƙa ta, ya barbaɗa ƙuli, ya yanka albasa, ya yi hira. Tsire kuwa ban ko kalle shi ba, don kuɗin da ke aljihuna na mai taki ne, ajiya kawai aka ba ni. Can ƙarshen layi na hango sabuwar rumfa. Wani ɗan saurayi ne da hular hana-salla, ya ɗora madambaci a kan murhun gawayi, ya rataye kwali: ALKUBUS ƊIN KORIYA, NAIRA 200. Ya ɗaga murfi, tururi ya tashi, sai ga su a jere, farare, mulmul, kowanne cikin tafin hannu.

Na ce, "Samari, ina miyar?"

Ya ce, "Baba, wannan ba ya son miya. Mahaɗinsa yana ciki."

"Nama ne?"

"Ai ya fi nama, Baba."

Ya zuba mini uku a leda. Na taɓa bayan ɗaya na ji ɗumi kawai, irin wanda mutum ke so a hannu lokacin sanyi. Na juya wa jama'a baya, na yi bisimilla, na gatsa rabinsa gaba ɗaya.

Wake ne a ciki. An dafa shi ya yi lugub, an dama, an zuba masa sukari, kuma duk wutar da ke cikin gawayin nan a cikinsa ta taru. Ya manne mini a ganda kamar kwaltar da aka sauke yanzu. Abin da ya fara zuwa raina ma ba zafin ba ne, cin fuskar ne. Mu da muka gaji wake kaka da kakanni, mun yi ƙosai da shi, mun yi alale, mun yi ɗanwake, mun yi fate, mun yi garau-garau, harawarsa ma ba mu bar ta ba sai da muka ɗora a kan bishiya saboda tumaki. Ban taɓa jin wanda ya ɗauki sukari ya nufi wake da shi ba. Ga shi na sayar da buhu guda da rana tsaka, an dawo mini da cokali ɗaya yana cizona.

Ina shirin furzarwa sai na ji sallama a bayana, da muryar da ko a mafarki na ji ta sai na gyara zama. Surukina ne, ya zo duba farashin raguna.

Duk wanda ya yi aure a ƙasar Hausa ya san halin da na shiga. Ba a cin abinci a gaban suruki. Ba a ci a tsaye, ba a ci a tsakiyar kasuwa, ni kuwa na haɗa duka ukun. Tofar da abu a gabansa kuma ai gara a ce ƙasa ta tsage. Na tura ledar cikin aljihu, na zame takalma, na tsuguna, na rufe baki gam. Hawaye suka ɓalle da kansu.

"Malam, lafiya?"

Na sunkuyar da kai.

"Subhanallahi. Wa ya rasu?"

Na girgiza kai da ƙarfi. Na tattara abin da ya rage na harshena na ce na ƙone, amma farkon maganar ya maƙale a cikin waken, ƙarshenta kaɗai ya fita.

"Ya ƙone? Me ya ƙone?"

Na faɗi gaskiya iyakar iyawata. Na ce, "Wake."

Tsohon ya dubi buhun da babu komai a kafaɗata, ya dubi hawayena, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duka?"

Daidai lokacin Allah ya ba ni ikon haɗiyewa. Abu mai zafi in zai wuce maƙogwaro dole kai ya yi ƙasa ya dawo. Shi ke nan, an samu amsa.

Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga hannu. "Kada ka ce komai, Malam. Wanda ya ba ka shi ne ya karɓa." Suruki ya ce kada ka ce komai, kai wane ne? Kafin in miƙe an kewaye mu. Wani mahauci ya ja doguwar addu'a aka shafa. Wani ya ce wutar hunturu ba ta da imani, bara ma haka ta yi wa ƙaninsa. Wani bawan Allah da ban ga fuskarsa ba ya cusa mini naira ɗari biyar a aljihu, a kan ledar. Mutum ɗaya ne a duk kasuwar ya san gaskiya, shi kuma ya durƙusa bayan madambacinsa, kafaɗunsa sai rawa suke yi. Ɗan acaɓa ya kai ni har ƙofar gida, na miƙa kuɗi ya ce haram.

Na tarar da zaure cike. Surukuwata ta riga ta kira uwargida, ita kuma ta ruga ɗaki ta ga wakenmu lafiya lau. Ni ko rumbun wake ba ni da shi. Tun da aka kawo buhunan nan masu leda biyu a ciki, waɗanda ƙwari ke mutuwa a cikinsu ba tare da magani ba, a ƙuryar ɗaki nake jingine abina. Amma masu jaje ba su zo don su koma haka nan ba. Wata tsohuwa ta rantse ta ga hayaƙi da hantsi. An riga an zane yara biyu na maƙwabta bisa zargin gasa gyaɗa. Mai unguwa da kansa ya zo, yana tambaya a nuna masa tokar.

Harshena ya kumbura, magana ta gagara. Sai na ciro ledar na ajiye a gabansa, na nuna bakina. Uwargida daga bayan ƙyaure ta fahimci zancen kafin kowa, na ji dariyarta ta yi cikin gida da gudu. Mai unguwa ya ɓara ɗaya, ya shinshina, ya ɗanɗana. Alkubus ɗin ya huce sarai a lokacin. Ya cinye, ya ɗauki na biyun, ya tambayi nawa-nawa ne.

Da dare ina kurɓar nono mai sanyi, 'yata ta sakandare, wadda ke cinye datar uwarta a kallon finafinan Koriya, ta zauna ta yi mini karatu. Ashe abin yana da asali. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, Amurka ta yi ta tura wa Koriya ta Kudu alkama da fulawa na agaji, gwamnatinsu kuma ta matsa wa mutane su rage cin shinkafa su koma abincin fulawa. A 1971 wani kamfani mai suna Samlip ya fara sayar da irin wannan, suna kiransa hoppang, ana turara shi a ƙofar kantuna lokacin sanyinsu mai ƙanƙara. Wakensu wani ɗan ƙarami ne ja, ba irin namu ba, akwai kuma mai kayan lambu da mai nama. Ta ce su ɓara shi biyu suke yi su hura kafin su ci, ko yaron goye ya san haka. Na so in tambaye ta dalilin da ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba, harshe ya hana.

Washegari da sassafe sai ga jaki a ƙofar gida da buhun gero, wai in ji Baba, a rage zafi. Nan ne gumi ya karyo mini duk da sanyin. In na riƙe, na ci haram. In na mayar, sai an gaya wa dattijo cewa mijin 'yarsa, mai 'ya'ya har sakandare, alkubus ɗin naira ɗari biyu ne ya sa shi kuka a kasuwa. Na tura uwargida ta gaya wa mahaifiyarta, ita ta san yadda za ta shigar da zancen. Da la'asar amsa ta dawo: a riƙe geron, amma Lahadi mai zuwa a kawo masa guda huɗu, kuma a bari su huce a hanya.

Har yanzu akan tare ni a hanya a yi mini jaje. Jama'a, wakena yana nan, mai saye ya zo. Wanda ya ga rumfar yaron ya saya, da arha kuma yana riƙe ciki, amma ya ɓara shi tukuna, ya kuma waiga ko akwai suruki kusa. Bawan Allahn da ya sa mini ɗari biyar a aljihu, don Allah ya neme ni ya karɓi kuɗinsa.