Majalisar Yagaggen Wando

Duk majalisar da aka tayar da zancen sabon yayi, ƙofar shagon tela ce ko teburin mai shayi, mutanen nan dai za ka tarar, sunaye kawai ke canzawa.

Mai fara buɗe baki shi ne Alhaji Mantau. Da yaro ya gifta da wando yagagge a gwiwa, sai ya ajiye kofi ya ja salati. Amma lallaɓi Hajiya ta ɗauko maka tsofaffin hotuna. Ga shi nan a shekarun da suka biyo bayan zuwan mawaƙi James Brown Legas a 1970: suma tuli guda, takalmi mai tudu, bakin wando yana share titi. In ka nuna masa, sai ya gyara hula ya ce, "Ɗana, ai namu gayu ne, naku kuwa lalacewa."

Kusa da shi akwai Farfesa, wanda babu jami'ar da ta san da zamansa. Shi ba ya ganin yaga sai ya jawo mata salsala. Zai faɗa maka Vivienne Westwood da Malcolm McLaren ne suka riƙa sayar da riguna yagaggu da fil da sarƙa a shagonsu na titin King's Road a Landan, kuma mawaƙan Sex Pistols suka yayata su wajen 1976, lokacin da matasan Ingila ke cike da haushin rashin aikin yi. Kafin ka haɗiye wannan ya tsallaka Faris, inda Rei Kawakubo da Yohji Yamamoto, 'yan Japan, suka ɓullo a 1981 da baƙaƙen kaya marasa kai da gindi. Daga nan sai Kinshasa, wajen Papa Wemba, mawaƙin da ya sa samarin Kongo suka ɗauki ado tamkar ibada. Abin haushin, duk gaskiya yake faɗa. Babu dai wanda ya tambaye shi, shayinsa kuma kullum a huce yake shan sa.

Sai Namu-Suka-Sata. Hujjarsa guda ce, amma mai ƙarfi: a 2007 kamfanin Louis Vuitton ya fito da jaka mai zane irin na Ghana-must-go sak, wadda ta samu sunanta a 1983 da aka kori baƙi daga Najeriya. Tun daga ranar bai sake ganin wani abu a jikin Bature ya yarda nasa ne ba. Riga mai faɗi, babbar rigarmu ce. Wando mai zurfin hantsa, bujen kakanninmu ne. Kada ka kuskura ka tuna masa cewa jakar ita kanta daga Asiya ake shigo da ita, gaba za ku yi har Sallah.

Ɗan Lissafi ba ruwansa da kyau ko muni. Da ya ji kamfanin Balenciaga ya sayar da takalmi yagagge, mai kama da wanda aka tono a bola, kan dala 1,850 a 2022, sai ya zaro waya ya mayar da kuɗin buhunan shinkafa, ya dafe kai. A cewarsa, a kai shi Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, ya cika musu kwantena da irinsa kafin la'asar.

Shi kuwa wanda ake yi dominsa yana can gefe, kunnuwa toshe da waya. Wandon ya sauko ƙasan ƙugu, hannu ɗaya na riƙe da shi, tafiya a tattale, in akuya ta biyo shi sai dai ya zaɓa tsakanin gudu da mutunci. An ce salon daga gidajen yarin Amurka ya fito, inda ake ƙwace bel, mawaƙan hip-hop suka ɗauka. Shi bai san wannan ba. A ƙirjin rigarsa ga hoton mawaƙi Tupac, wanda aka kashe a 1996, kafin iyayen yaron su san juna. Tambaye shi ko wane ne, ya ce maka, "Yallaɓai, wani ɗan ƙwallo ne."

Ni a cikinsu duka tela na fi girmamawa. Bakinsa cike da allura, bai taɓa sa baki ba. Ya ɗinka wa Alhaji tazarce, rigar da ita ma siyasar zamanin Abacha ta raɗa wa suna. Yaro ya kawo hoto a waya, ya ɗinka masa wando lafiyayye, ya karɓi kuɗi. Sannan ya ɗauki reza ya yaga gwiwar, ya sake karɓar kuɗin yagawa.

In kana neman wanda ya ci gardamar nan, mai karatu, leƙa aljihun tela.