Yadda Ba'are zai shiga baje kolin abinci ya fito da riba

Da farko dai, ɗan uwa, ka ci abinci kafin ka shiga. Wanda ya taso daga Dogondutsi da asuba, ya ratsa Kore Mairuwa da Doso, ya sha zaman mota na kusan kilomita 300 har Yamai, idan ya faɗa filin baje koli da ciki fayau, hancinsa ne zai yi masa jagora. Zai tsaya gaban mai kilishi, a miƙo masa ɗan yanki kamar farce a bakin tsinke, ya tauna, ya ce bai ji yajin ba, a ƙara. Ɗanɗano na farko haƙƙinka ne. Na biyu bashi ne. A na uku mai rumfa ya riga ya haddace fuskarka, in kuwa aka yi rashin sa'a taubashinka Bafulatani ne mai cuku, labarin zai riga ka isa Matankari.

Baje kolin da ya fi kusa da mu shi ne SAHEL, wanda RECA, haɗakar majalisun manoman Nijar, ta sha shiryawa a Palais du 29 Juillet na Yamai wajen ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, daidai lokacin da ake haƙar dankalin Turawa a bakin Tapkin Saw na Dogondutsi. Mai ƙarfin aljihu yana iya ƙetarawa Kano ko Kaduna. Wanda ya samu biza kuma ga na Faris, da ake yi tun 1964, inda mutum wajen 600,000 ke zuwa kallon shanu da cuku. Ko'ina ka dosa, ƙafa ce za ta biya kuɗin, don haka ka bar sabon takalmin salla a gida. Babbar riga mai sitati ma ta huta, tsakanin rumfuna babu wurin baza hannu. Ka ɗauki ƙaramin littafi da biro biyu, domin ɗaya za a ara ba za a mayar ba. Ka cika salula da caji.

Sai maganar lissafi, wadda ta sha haɗa mutanen kirki faɗa. Mu da dala muke ƙirga, baƙo da faran. Ya ce maka 500, yana nufin dala 100, kai kuma ka ji dala 500, wato jika biyu da rabi, ka dafe ƙirji kana salati. Ka miƙa masa littafinka ya rubuta da hannunsa. Lamba ba ta da yare.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da beruwa. Matan Arewa, ƙasarmu ta Arawa, sun daɗe suna mayar da garin wake ƴan ƙananan ƙwayoyi, su turara, su shanya, ya yi watanni bai lalace ba, ranar da aka so a jiƙa, a turara, a zuba mai da albasa da yaji. Wannan ilimi ne da manyan masana'antu ke kashe kuɗi suna nema: abinci mai gina jiki, marar nauyin ɗauka, mai saurin dafuwa. Amma dubi yadda abin ke kasancewa. Inna ta zo da nata a babbar roba, an rufe da zane, ga tiya a gefe. Maƙwabciyarta ta ƙulla nata rabin kilo rabin kilo a leda mai haske, an liƙe baki da inji, an manna takarda mai suna da ranar da aka yi da lambar waya. Baƙo ya ɗanɗana na Inna ya lumshe ido, ya yaba, sannan ya juya ya sayi na maƙwabciya guda goma, domin shi ne zai shiga jakarsa ya tsallake iyaka ba tare da ya zube cikin tufafi ba. Inna ta koma da yabo, maƙwabciya ta koma da kuɗi. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce leda da takarda ba.

Saboda haka idan ka ga kaya mai kyau, ka juya bayansa ka karanta. Ka tambayi inda aka buga takardar, nawa ne ɗari, wane inji ya liƙe ledar. Mai rumfa na son a yaba kayansa, ka yaba da gaske, bakinsa zai buɗe. Ka nemi bayanin hukumar ANMC mai tantance ingancin kaya a Nijar. Idan kasuwar Najeriya kake hange, ka sani manyan kantunan can lambar NAFDAC suke fara dubawa kafin su ce maka sannu.

Idan Allah ya kawo babban mai saye ya ce tan nawa za ku iya a wata, ka riƙe harshenka. «Ko nawa kake so akwai» magana ce ta cin kasuwar ƙauye, a nan kuwa rubutawa ake yi, a zo da babbar mota. Ka faɗi abin da ƙungiyarku ke iyawa, ko buhu 20 ne. Ka kuma auna tiyarka a sikeli tun daga gida, don mutumin Kazabulanka bai san tiya ba, balle ya san akwai mai tozo da marar tozo.

Wajen injuna kuma, ƙyalli kada ya ɗauke ka. Tambaya uku ta isa: da wutar rana yana aiki? Idan ya lalace akwai mai gyara a Dogondutsi ko Doso? Ina ake samun kayan gyaransa? In mai inji ya fara kallon sama, ka yi masa godiya ka wuce.

Hoto da minista, idan ya samu, a ɗauka. Ba ya sayar da ko dankali ɗaya, amma yara za su ji daɗi.

Ranar da ka dawo, takardun da ka tara kada su ƙare a hannun mai ƙosai. Kafin mako ya zagayo ka kira duk lambar da ka rubuta, tun mutanen ba su manta da hularka ba. Ka tara ƴan ƙungiya a inuwa, maza da mata, ka zazzage jaka a tabarma, kowa ya taɓa ledar ya ga yadda aka liƙe ta.

Manoman Dallol Mauri, daga Dankasari har Gesheme da Tibiri, da ku iyayenmu masu beruwa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ina roƙonku: baje koli mai zuwa ku haɗa kuɗin rumfa ɗaya, ku tura mutum biyu, ɗaya mai baki ɗaya mai biro, kuma a jikin kowace leda a rubuta sunan garinku da manyan baƙaƙe.