Ba Aljanu Ba Ne, Malam, Bayit Ne

Na san halinku. Da an ce manhaja ta ƙi tashi saboda harafi ɗaya, sai ku taɓe baki: "Haba, kwamfutar da ke riƙe da lissafin banki ce ƙ za ta kayar?" Ita fa. Ku gyara zama, ku na Umdurman da 'yan'uwanku na tsallaken Farin Nilu a Khartum, don ku abin ya fi shafa, ba mutanen Landan ba.

Yaron da kakanninsa suka baro Kano ko Sakkwato da niyyar Makka suka yada zango a Sudan, in ya zauna rubuta manhaja, harshe uku yake cusawa a fayil guda. Umarni da Turanci, bayanin da yake bar wa kansa a gefe da Larabci, sunayen masu cin bashi a shagon kawunsa na Suƙ Libiya kuma wasu da boko, har da ƙugiya. Shi kuwa fayil lambobi ne zalla, kowane bayit daga 0 zuwa 255. Ƙullin yaji ne a teburin mai agashe: ba rubutu a jiki, wanda ya kwance shi ne zai cinci abin da ke ciki.

Turanci hankalinsa kwance. ASCII ta raba masa gurabe 128 tun 1963, kuma tsare-tsaren da za ku ci karo da su duk sun bar masa wurinsa. Larabci ne aka yi wa gida biyu. Tsohon tsarin Windows-1256 bayit ɗaya yake ba kowane harafi. UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, biyu yake bayarwa. Rubuta ال da UTF-8 ka buɗe da 1256, sai ka ga ط§ظ„. Buɗe da Windows-1252 na Yammacin Turai, ya koma Ø§Ù„. Ƙ ɗinmu ƙarama kuwa, lambarta C6 99, sai ta fito a Æ™, har da tambarin kamfani, baiwar Allah da ko tire ba ta taɓa ɗauka ba.

"To ai wannan ko makaho ya shafa ya ji." Sannu, Alhaji mai ido. Wannan mai sauƙin kenan, don bayit ɗin suna nan lafiya, karatun ne ya karkace. In kuwa ???? ka tarar a ma'ajiyar bayanai, sai dai haƙuri: an riga an zubar da haruffan tun wajen adanawa, babu dabarar da za ta maido su.

Masu wuyar su ne waɗanda ido ba ya gani. Akwai bayit uku, EF BB BF, da wasu manhajojin rubutu ke liƙawa a goshin fayil. Ba sa fitowa a allo, amma a harshen PHP sai su riga kowa fita, shafin shiga ya ƙi aiki, ka kwana kana zargin layi na 40 alhali ɓarnar tana gaban layi na 1. Akwai kuma layin da aboki ya turo maka bayan ya bi ta Word: alamar zance ta lanƙwashe, ko tazarar da ke tsakanin kalmomi ba tazarar da ka sani ba ce. Sa'idu mai miƙaƙƙiyar alama da Sa’idu mai lanƙwasasshiya, a wurin kwamfuta mutum biyu ne, kowa da bashinsa.

Maganin ba rubutun sha ba ne. Umarnin file -i zai faɗi tsarin da yake zato, zato fa na ce. Ni iconv -f UTF-8 -t UTF-8 na fi yarda da shi, don yakan tsaya cak a bayit na farko da ya saɓa ƙa'ida ya faɗa maka inda yake, kuma da wuya Larabcin 1256 ya tsallake wannan shingen. Sa grep ya zaƙulo duk layin da ke da abin da ba ASCII ba, sannan ka buɗe wanda ba ka yarda da shi ba da xxd, ka ga lambobin tsirara.

Har yanzu ina jin wani a baya yana gunaguni, wai duk kwalliya ce. To saurara. A Nuwamban 2021 Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Kambirij suka bayyana harin da suka kira Trojan Source. Ɓoyayyun alamomin da aka tanada don juya rubutu daga dama zuwa hagu, saboda Larabci da Ibrananci, su ake dasawa cikin rubutun manhaja. Mai dubawa ya karanta layin a jere ɗaya, na'ura ta aiwatar da shi a wani jeren, har sharaɗin tantance mai shiga ya zama bayanin gefe kawai. Tun lokacin GitHub ke ɗora gargaɗi a kan irin wannan fayil. Na san abin da za ku ce in kun gan shi: "Larabcinmu ne ya tsorata Bature." A'a, Yallaɓai. Alif da lam ba sa tayar da gargaɗin. In ya fito, nemi U+202E, ɗaya daga cikin ɓoyayyun alamomin nan, da danginsa, ka tambayi wanda ya turo fayil ɗin me suke yi a ciki.