Zuwa Ga Bayaraben Tasawa, Mai Raina Kofinmu

Gaisuwa daga Mayahi, yarona mai shagon kayan babur. Ina ciniki, ina kewar manja? Direbobin tasha sun kawo mini ƙararka. Wai duk wanda ya zo sayen taya sai ka tsare shi da wa'azin Super Eagles ta Najeriya, ka ce Mena, ƙungiyarmu ta Nijar, ba ta taɓa ɗaga ko murfin kwano ba. To gyara zama, ubangidanka Bagobiri zai karantar da kai.

A 2007 ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe takwas masu kashe sefa, ta kafa gasar ƙwallo don ƙulla zumunci: Nijar, Mali, Burkina Faso, Benin, Togo, Senegal, Kodibuwa da Gini Bisau. Sharaɗinta ɗaya ne, sai 'yan wasan da ke bugawa a gida. Ku ba a kai muku goron gayyata ba, don naira ba ta da kujera a wurin. Abin dariya, kai ɗin nan ko a mafarki sefa kake ƙirgawa.

A ta farko, a Wagadugu, Mena ta kai wasan ƙarshe, Kodibuwa ta ɗauki kofi. A 2009 a Benin muka sake kaiwa, Senegal ta sha da ci ɗaya. Da irin zuciyarka ce da tuni an tattara kaya an rufe shago. A 2010 gasar ta zo Yamai, yaran koci Harouna Doula suka doke Benin ɗaya da nema a filin Seyni Kountché, kofi ya kwana gida. A jimilla Senegal ta ci sau uku, Kodibuwa biyu, Burkina ɗaya, mu ɗaya, kuma tun ta Lome a 2016 ba a sake jin ganga ba.

Ka ce ƙaramar gasa ce? A nan yaran gida suka koyi haɗa ƙafa. A shekarar 2010 ɗin muka fitar da ku daga neman gurbin CHAN, gasar Afirka ta 'yan wasan gida: biyu da nema a Yamai, canjaras a Kano, a gaban jama'arku. A watan Oktoba Moussa Maazou ya jefa wa Masar, mai riƙe da kofin Afirka, ƙwallo ɗaya a Yamai, hanyar da ta kai mu gasar Afirka ta 2012 karon farko. Hukumar CAF ta ba Doula kambun gwarzon koci na 2011.

Yanzu mu leƙa taku, ta WAFU, gasar Afirka ta Yamma. Kun ci a 2010 a Abekuta, garin kakanninka, na yarda. Da shekara ta zagayo, a garin dai, Togo ta shigo har tsakar gida ta ba ku uku da biyu ta tafi da kofi. A 2017 Ghana ta zuba muku huɗu da ɗaya a wasan ƙarshe a Cape Coast, mu kuwa muka doke Benin muka zo na uku ba hayaniya. A 2019 a Senegal, Togo ɗin nan ta sake tare ku tun wasan farko. Me kuka ci wa Togo ne ba ku biya ba?

Na san za ka jawo huɗu da ɗayan da kuka yi mana a gasar CHAN a Ruwanda a 2016. Jawo, mun ji, mun shanye. Wanda ya fi mu yawa kusan sau goma ai ba abin kirari ba ne don ya kayar da mu wata rana.

Ga hukunci. Ka rataya tutar Nijar a ƙofar shago, ka daina damun masu kabu-kabu da surutu, kuma idan watan cika-ciki ya kama ka aiko kuɗin shara Mayahi, da sefa, haɗe da goro ƙwarya guda. Naira ba ta karɓuwa.

Ubangidanka,
Bagobirin Mayahi