Ranar da Na Mayar da Shagon Kawu 1901

Wata uku da fara kwas ɗin kwamfuta a Tudun Wada, kaina ya kumbura. Kawu, mai shagon sukari da madara a Kawo, ya ɗora ni kan tsohuwar kwamfutarsa 'yar gwanjo mai aiki da Linux na zamanin da, ina shigar masa da bashi ina buga rasit. "Injiniya" yake kirana. Sai daga baya na gane zolaya ce.

Wata Laraba na ce bari in burge shi. Na bayyana masa cewa na'urar nan ba ta san Litinin ko Talata ba, daƙiƙa kawai take ƙirgawa tun 1 ga Janairun 1970, tana zubawa a ɗan mudu mai gurbi 32. Mudun zai cika a 2,147,483,647, wato 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogonmu. Daƙiƙa ɗaya ta ƙaru, sai ya kife.

"Ya kife ya koma ina?"

"Ku dai zuba ido, Kawu."

Na tura agogon gaba har saura minti ɗaya. Muka jira. Sai ga 13 ga Disamban 1901! Lokacin Turawa ba su ci Kano ba, balle a yi zancen mai da Kaduna hedikwata. Ina cikin ƙasaita aka kira la'asar, muka fita. Agogo kuwa na bar shi can wajen kakanni.

Yaron shago ya ci gaba da buga rasit abinsa. Washegari jerin waɗanda wa'adinsu ya cika ya fito fayau, ko mutum ɗaya babu. Kowa saura masa shekara ɗari da ashirin da ɗoriya. Kafin azahar sai ga mai shayin bakin tasha, wanda ake bi buhu biyu, riƙe da takardarsa.

"Alhaji, wannan bashin na 1901 ne. Kakana ma yana goye. A nemi magada."

Gumi ya karyo mini. Na ce ai masu kula da zuciyar Linux sun riga sun faɗaɗa mudun zuwa gurbi 64, tun siga ta 5.6 a 2020 har tsofaffin na'urori sun samu. Sabon mudun sai ya yi shekara biliyan 292 bai cika ba.

Kawu ya jawo tsohon littafinsa na bashi, ya kaɗe ƙura, ya laluɓo biro a aljihu.

"Injiniya, rage murya. Kada mai shayi ya ji."