To, Ana Miya da Shi?

Ranar da uwargidana ta ce in taho mata da fulawa idan na tashi daga aiki, sai na biya kasuwa na auno kwano biyu, ina ta murna a zuci za a yi mana alkubus. Na shigo da ledata ina taƙama. Ta dube ni, ta dubi ledar, ta ce, "Haba Baban yara, fulawar shukawa fa na ce, irin ta gidan Hajiyar ƙarshen layi." Ni ban ga laifina ba. Bature ne ya kawo mana abin ci da abin kallo, muka haɗa su muka raɗa musu suna ɗaya, kowa kuma yana jin wadda ta dace da yunwarsa.

Fulawar da ake yayi a unguwarmu yanzu ita ce wardi, ɗan gajeren nan mai furanni ruwan hoda, wanda tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Gidan da babu shi, matar gidan ba ta da bakin magana a wurin biki.

A gidan da na tashi akwai darbejiya a ƙofar gida, zogale a bayan ɗaki, lalle kusa da rijiya, ga lemun tsami, ga daddoya. Kowannensu da aikinsa, babu mai cin ruwa a banza. Da muka girma muka yi boko, sai muka sayi fuloti hamsin da hamsin, muka cusa masa ɗaki uku da falo biyu da wurin ajiye motar da ba a kai ga saya ba. Bishiyar da muka tarar a filin muka sare ta, wai tana zubar da ganye. Sannan muka shimfiɗa intalok daga bango zuwa bango, har ƙasa ta zama abin da yara ke gani a makaranta kawai. Da muka gama, sai muka ciro bulo shida a gefen katanga, muka bar wani ɗan rami da bai kai sallaya ba. Shi ne lambunmu. Haka muke kiransa ko a gaban baƙi, ba kunya.

Mai sayar da fulawa a bakin titi ya san da zuwanmu. Ya jera su cikin baƙaƙen leda, ya yayyafa musu ruwa suna sheƙi. Duk wanda ka nuna, amsar ɗaya ce: "Alhaji, wannan ɗan Holan ne, ba ya mutuwa." In ka yi jim, sai ya sassauta ya ce ɗan Jos ne, amma kakansa ɗan Holan ne.

Alhali waɗannan gajerun suna da sunaye da asali kamar mutane. Akwai The Fairy, wanda gidan Bentall suka fitar a Ingila a 1932, mai ƙananan furanni cunkus a reshe ɗaya. Akwai Bonica na gidan Meilland a Faransa, ɗan farkon shekarun 1980. Akwai Knock Out, wanda wani Ba'amurke mai suna William Radler ya yi shekaru yana haɗa iri a Wiskonsin kafin a fitar da shi kasuwa a 2000, ja ne da farko, daga baya aka sami mai ruwan hoda. Abin da ya dami wannan bawan Allah shi ne sanyin ƙanƙara da cutar da ke ɗiga baƙi a ganye. Ɗan garuwa da ragon maƙwabci ba sa cikin lissafinsa.

Mutanen Jos ba ruwansu da wannan wahala. Garinsu yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, wardi yana zuwa ya ji kamar ya dawo gida. Haka ma bakin tafkin Naibasha a Kenya, inda ake noma shi a yanka a loda wa jirgin sama zuwa Turai. Mu a Kano kuwa, littafi ya ce a ba shi rana ta awa shida. Mu masu karamci ne, sai mu ba shi goma sha ɗaya, a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Intalok na gasa shi ta ƙasa, katanga na gasa shi ta baya, kamar gurasa a tanderu. Abin da yake roƙo a irin ƙasarmu hantsi ne, sannan inuwa bayan azahar, wato dai inuwar bishiyar nan da muka biya kuɗi aka sare. Cikin kwana biyu furen ruwan hoda ya koɗe ya koma fari fat. Shi kaɗai na sani a garin nan da yake yin fari ba tare da an sayi mai ba.

Makon farko amarci ake ci. Maigida ya ba shi ruwa kafin ya fita, uwargida ta ba shi da hantsi, yara su ba shi in sun dawo daga Islamiyya, kowa yana ganin shi kaɗai ya tuna. Wani ɗan'uwa mai son alheri ya kawo ɗanyen kashin kaji ya zuba masa a gindi, saiwa ta ƙone. Ranar da fure na farko ya buɗe, an ɗauke shi hoto ta gaba da ta baya, an ɗora a WhatsApp, duk baƙon da ya shigo sai an ja shi ya gaishe da shi kafin a ba shi ruwan sha.

Mako na uku kuwa, sai a shiga aike. Maigida ya ce wa uwargida a kula da fulawar nan. Uwargida ta ce wa 'yar aiki. 'Yar aiki ta ce wa almajirin gidan. Shi kuma, yaro mai tattali, ya ga jarkar ruwa da tsada, sai ya riƙa juye masa ruwan wanke-wanke da kumfarsa da ƙanzonsa. Abin da shukar ke nema bai taka kara ya karya ba: ruwa a gindi da safe ba a kan ganye ba, taki ruɓaɓɓe, a tsinke furen da ya bushe don wani ya fito, a rage rassa lokaci-lokaci. To, a nan gizo ke saƙa. Ka ce wa Bahaushe ya sa almakashi ya datse abin da ya saya da kuɗinsa? Gara ya zuba masa ido ya mutu da cikakken tsayinsa.

In ya mutu kuma, an san wanda ya kashe shi. Maƙwabciya ce, wadda ta shigo ranar Talata ta ce "kai, ya yi kyau" ba ta ce tubarkalla ba. Da wani zai juya ganye ɗaya, da ya ga ƙananan ƙwari sun yi sansani a bayansa suna tsotsa, da ya tona gindin, wataƙila ya gaisa da gara. Amma juya ganye aiki ne, zargin maƙwabciya kuwa daga kan kujera ake yin sa.

Namu na uku ne ya rayu. Biyun farko Allah ya ji ƙan kuɗina. A kan na ukun na zage: na kafa masa zana ta yamma, na rufe gindinsa da buntun shinkafa, na hana kowa taɓa shi sai ni. Kuma in faɗi gaskiya, abin ya shiga raina. Da aka yi ruwan farko ya yi furanni har rassansa suna rinjaya, na kan dawo daga sallar asuba in tsaya a kansa kamar wanda ya ci bashin banki ya biya.

Ana haka Inna ta zo daga ƙauye don ta yi Babbar Salla da mu. Na kai ta gabansa ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan kuma fa?"

"Wardi ne, Inna."

"Yana 'ya'yan da ake ci?"

"A'a."

"Yana maganin shawara?"

"A'a, Inna, na ado ne."

Ta sunkuya ta shinshina. Da yawa daga cikin gajerun nan ba su da wani ƙamshin kirki, an sayar da ƙamshin an sayi juriya. Ta kai hannu, ƙaya ta gaishe ta. Ta miƙe tana tsotsar yatsa. "Ba inuwa, ba ƙamshi, ga faɗa. To, ana miya da shi?"

Na ga mutuncina zai zube a gaban yara, sai na jawo babban makami. Na ce mata ai wardi ba ƙaramin abu ba ne, a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya ana noma shi a tatsi ruwansa, har ana haɗa shi da zamzam a wanke Ka'aba.

Ta ɗan yi laushi. "Wannan ɗin?"

"A'a, wani iri ne daban. Amma ɗan'uwansa ne."

"Yo kowa ma ai yana da ɗan'uwa a Makka," in ji ta, ta shige ɗaki.

Saura kwana biyu Salla aka kawo ragon layya. A gidan da aka malale da intalok babu inda za a kafa turke sai wuri ɗaya mai ƙasa, kuma kun san wurin. Na auna igiyar da kaina, na tabbata ba za ta kai ba. Ban lissafa da wuyan rago ba. Da gari ya waye, babu fure, babu ganye, sai sanduna huɗu a tsaye, shi kuma gogan yana kwance yana tuƙa, da ɗan fure ruwan hoda manne a leɓensa. Uwargida ta yi salati ta ce ita dama tun jiya ta ga take-taken maƙwabciyar nan.

Washegarin Salla aka yi tuwon shinkafa da miyar taushe, aka zuba ƙashin ragon a ciki. Inna ta ci, ta side hannu, ta nemi ƙari. Sannan ta dube ni ta ce, "Ka ga fulawar nan taka? Ashe dai ana miya da ita. Baɗi ka shuka biyu."