Ire-iren Mutanen da Ake Samu a Wajen Wankin Mota

Wankin mota sana'a ce mai hawa biyu. Akwai na sama-sama, inda ake watsa wa bodi ruwa, a cuɗa da kumfa, a ɗauraye, a goge. Akwai kuma cikakken wanki, inda ake fitar da shimfiɗun ƙafa, a zuƙe ƙurar kujeru da inji, a bi lungunan dashbod da burushi, a gyara fitilu, a shafa wa fenti kaki, har mota ta fito mai ita yana tantamar ko tasa ce. A Kano sana'ar ba ta rasa aiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta sauke wa kowa rabonsa, da damina kuma taɓo ya karɓi aiki. Kayan sana'ar ba su da yawa: ruwa, ko na burtsatse ko na 'yan garuwa, da janareto, da injin feshi, da bokitai da tsummoki. Abin da ya fi wuyar sarrafawa shi ne mutane, kuma sun kasu uku: masu kawo mota, masu wanke ta, da masu wajen.

A cikin masu kawo mota, wanda ya fi daɗewa a tarihi shi ne Alhaji mai tsayuwa a ka. Yawanci tsohon ma'aikaci ne, motarsa kuma Peugeot 504 ce irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta girmi duk yaran wajen. Ba ya zama a benci ko an kaɗe masa shi. Yakan naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya tsaya taku biyu daga bayan yaro yana bin soso da ido.

"Kai yaro, daga sama ake farawa."

"To, Baba."

"Wannan sosan ba da shi ka wanke taya ba?"

"Wani ne, Baba."

"Ina ɗayan?"

Daga nan sai shiru, domin babu ɗayan. In an gama, jarrabawarsa guda ce: ya buɗe marfin tankin mai, ya zura ɗan yatsa, ya ɗago shi ya nuna wa jama'a. Yara ba sa murna da ganinsa, amma duk abin da yake faɗa gaskiya ne. Daga rufi ake farowa don kada dattin ƙasa ya hau sama. Sosan taya na ɗauke da yashi da garin birki, ba shi da hurumi a jikin fenti. Motar da aka wanke cikin rana kuwa, ruwan kan bushe kafin a goge, ya bar fararen ɗigo-ɗigo, musamman ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri. Aibin Alhaji ɗaya ne: farashin da ya sani shi ne na shekarar da ya yi ritaya.

Sai mai cewa a ɗan watsa mata ruwa kawai. Yakan sauke gilashi ya ce sauri yake yi, a kan haka ake yin ciniki. Da ruwa ya taɓa mota sai buƙatu su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Tunda an fara, a ɗan kaɗe shimfiɗu. Tunda an buɗe ƙofa, a ɗan goge dashbod. But ɗin ma ba wani datti gare shi ba, buhun gawayi ne kawai aka ɗauko jiya. Bayan awa ɗaya da rabi an yi masa cikakken wanki, ya miƙa kuɗin watsa ruwa, ya cika sauran da "Allah ya yi albarka". Maganinsa allon farashi ne, kowane aiki da kuɗinsa a rubuce, a kafe inda zai gani tun kafin ya kashe mota.

Akwai mai zuwa sau biyu a shekara, jajiberin ƙaramar sallah da jajiberin babba, daidai lokacin da layi ya kai titi. Ƙarƙashin kujerarsa ana iya karanta tarihin iyalinsa kaf: ɓawon gyaɗa, ƙwallon dabinon azumin bara, tukar rake, katin ɗaurin auren da tuni aka yi sunan ɗan fari, da takalmin yaro ƙafa ɗaya wanda aka daki wani a gida saboda ɓatansa. A but akwai tabon manja da ya riga ya zama ɗan gida. Tabo irin wannan, da na zoɓo da na goro, ranar da ya zuba yake da sauƙin fita. In ya yi watanni ya shiga zaren yadi, sai dai a rage masa ƙarfi. Shi kuwa mutumin so yake a mayar da kujerun yadda suka zo daga Kwatano, kuma kafin magariba.

Hajiya ba ta zuwa da kanta, direba take aikowa, saboda haka farashi biyu ne: wanda aka biya da wanda za a faɗa a gida. Saurayi mai motar aro ana gane shi da duba agogo da yawan tambayar ko akwai man taya. In da yamma ya zo, zance za shi. In da sassafe ne, shaidar inda ya je jiya yake son gogewa kafin yayansa ya tashi. Ɗan Adaidaita Sahu, wanda ya mamaye titunan Kano tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, shi ne ke riƙe wurare da yawa ranar da manyan motoci ba su zo ba. Kuɗinsa kaɗan ne, amma kullum ne, kuma ba ya jan magana.

Dillalin mota ba tsafta ce ta dame shi ba, idon mai saye yake nema. Yana son taya ta yi baƙi wuluk, ciki ya ɗauki ƙamshi, sama da komai kuma a wanke inji. Injin da aka wanke tas ba ya nuna inda baƙin mai ke yoyo sai bayan kwana biyu, lokacin an riga an raba la'ada. Mai sayen tsohuwar mota da ya ga injinta na walƙiya, gara ya sa a bar ta a kunne ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi.

Na baya-bayan nan a wannan rukuni ya bayyana ne da ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Yakan ɗaga waya ya nuna wa yaro fuskarta daga nesa: "Ka gani, ya fita daga wajena, matsalar bankinku ce." Kafin yaro ya kira maigida ya tambayi ko alat ya shigo, mota ta sha kwana.

Rukuni na biyu su ne masu wanki, kuma mafi yawa a cikinsu shi ne sarkin kumfa. A ganinsa yawan kumfa shi ne yawan tsafta, don haka yakan juye omo a bokiti ɗaya, ya wanke motoci huɗu da shi ba tare da ya sauya ruwa ba. Illar biyu ce. An yi omo ne don ya cire maiƙo daga tufafi, shi ya sa yake kwashe kakin da ke kare fenti, ya bar robobin jikin mota sun yi fari. Babbar illar kuwa tana cikin bokitin. Fentin motar zamani na da wani shafi garai-garai a samansa mai kaurin maikiron 40 zuwa 50, wajen rabin kaurin takardar rubutu, kuma shi ne ke ba da sheƙi. Duk lokacin da soso ya koma bokiti ya ɗebo yashin da ya kwanta a ƙasa, wannan shafin ake karta. Sakamakon shi ne siraran zane masu zagaye da ake gani a jikin baƙar mota in rana ta haska ta. Gyaran bai fi kuɗin bokiti guda ba: ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ruwa zalla inda za a ɗauraye soso kafin ya koma cikin sabulu. Sarkin kumfa ya sha jin wannan bayani, amsarsa kuma ba ta sauyawa: shekara nawa yana wanki ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Abokinsa shi ne maharbi, wanda injin feshi ya shiga ransa. Duk abin da ya gani sai ya harba: taya, kaza, yaron mai shayi, da cikin inji yana da zafi. Ba ya rufe altaneta ko akwatin fis da leda, ba ya nisantar mahaɗar wayoyi. In mota ta ƙi tashi, ko fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, yakan ce dama haka ta zo. Masu wayarin na unguwa ba su da abin cewa game da shi sai alheri.

Sai masanin haɗe-haɗe, mai jarkoki marasa suna a bayan rumfa. Wasu dabarunsa na da tushe. Kananzir na narkar da kwaltar da ta manne a gefen mota, muddin an wanke wurin nan take aka sake shafa kaki. Man goge baki na ɗan haska fitilar da ta yi ruwan ɗorawa, domin akwai gari mai kankara a cikinsa, sai dai ba ya daɗewa. Murfin fitila roba ce da rana ta cinye mata kariya. Aikin gaske shi ne a bi ta da jiƙaƙƙiyar samfefa, lamba 1000, sai 2000, sai 3000, a yi folish, sannan a sake shafa mata kariya. Inda masanin ya kauce hanya shi ne shafa wa taya man birki don ta yi ƙyalli, alhali ɗigonsa kaɗan kan ci fenti. Haka nan yakan mulke dashbod da mai har hotonsa ya riƙa fitowa a gilashin gaba ya hana direba gani da rana, ya haɗa da sitiyari da fedar birki, waɗanda santsi ne abu na ƙarshe da ake so a jikinsu. In Allah ya hore masa injin folish kuwa sai addu'a. Kaki rufe fenti yake yi, folish kuwa kankare shi yake yi kaɗan-kaɗan, kuma abin da aka kankare ba ya tsirowa.

Kowane waje na da ɗalibin tuƙi, wanda aka ba makulli don ya matsar da mota taku biyar. Ana gane aikinsa da kujerar da ta matso gaba, da madubin da ya karkace, da rediyon da aka bari a kan wa'azi aka tarar da shi a kan waƙa. Akwai kuma yaro mai shiru-shiru da ke tara duk abin da ya tsinta, daga canji zuwa carbi, ya jera a kan dashbod. Irinsa ba su da yawa, kuma masu mota kan riƙe sunansa fiye da sunan wajen.

Rukuni na uku su ne masu wajen, kuma yadda suke neman kasuwa ne ya bambanta su. Mai allo ya kashe rabin jarinsa a kan ƙaton allo mai hoton motar da ba ta taɓa shigowa unguwar ba, da suna mai nuna cewa kamfanin na ƙasa da ƙasa ne. A ƙarƙashin allon akwai bokiti biyu da tiyo mai faci.

Ɗan zamani ya fi shi dabara. Ya gane cewa ba abin da ke sayar da cikakken wanki kamar hoto biyu, na kafin aiki da na bayansa, don haka yana zuba su a WhatsApp da TikTok da Facebook. Kurakuransa sanannu ne. Yakan ɗauki hoton farko a inuwa, na biyu a rana, har mai kallo ya fara zargi. Yakan manta ya rufe lambar mota, sai uwargida ta gane daga bidiyo cewa maigidan da ya ce yana Abuja yana Zoo Road. Yakan kuma yi alfahari da dubban mabiya, alhali mabiyin da ke Legas ko Jidda ba zai turo mota ba. Kasuwar wankin mota ta unguwa ce. Mutum hamsin da ke kwana kusa, masu ganin hotunansa kullum a WhatsApp, sun fi masa amfani.

Mai karya farashi yakan buɗe waje kusa da wani ya rage kuɗi da rabi. Layi kan cika mako biyu. Bai lissafa kuɗin jarkokin ruwa ba, bai lissafa fetur ɗin janareto ba, wanda kuɗinsa ya ninka tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, bai lissafa haya da sallamar yara ba. Don ya tsira sai ya rage sabulu, ya ƙara wa yara sauri, aiki ya lalace, araha kuwa ba ta ado. Wajensa ne ake wucewa bayan wata shida a ga an mayar da shi shagon POS.

Wanda ya fi su lissafi shi ne mai bin kwastoma har inda yake. Yana da babur, da injin zuƙe ƙura, da littafi mai lambobin waya. Yakan ƙulla yarjejeniyar wata-wata da ofis ko makaranta ko otal, ya wanke motocin ma'aikata suna bakin aiki, ya yafe wanki na goma ga wanda ya yi tara. Ranar Alhamis yakan tura saƙo ya tuna wa mutane cewa gobe Juma'a, kuma ya san gidan da ake shirin biki tun kafin a raba kati. Abin da ke kayar da irinsa shi ne alkawari: in ya ce ƙarfe takwas ya zo sha ɗaya, sau biyu ya isa a goge lambarsa.

Na ƙarshe shi ne dattijon da ba shi da allo, ba shi da shafi a intanet. Abin da yake da shi inuwar darbejiya ce, da benci, da mai shayi a dama, mai faci a hagu, masallaci a tsallake, ta yadda awar jira ba ta zama asara ba. Ya san wanda ba ya son turare a motarsa, ya san wanda ake yi wa bashi da wanda ba a yi wa. Kafin a taɓa mota yakan zagaya ta tare da mai ita ya nuna masa kowane tsohon ƙwarzane, don kada a wayi gari a ce a nan aka yi. Kwastomominsa su ke kawo masa wasu, kuma a cikin masu wajen duka shi ne ya fi daɗewa a kasuwa. Matsalarsa guda ce, ba ta kuma da magani: yaron nan mai jera canji a kan dashbod, da zarar ya ƙware ya tara kuɗin injin feshi, yakan buɗe nasa wajen a layi na gaba, da lambobin kwastomomin maigidansa a waya.